Yadda ake kama namijin lama mai cizo, a duba bakinsa, a rage masa haƙoran faɗa

Tambayar da sababbin masu kiwo suka fi yi mini game da lama ita ce ko yana cizo, kuma idan yana yi, shin ƙarfin cizon ya kai na doki ko na raƙumi. Amsar da nake bayarwa kullum ita ce su bar auna ƙarfin muƙamuƙi, su duba irin haƙorin da ke cikin bakin da kuma dalilin da ya sa dabbar ta buɗe shi. Lama dabba ce ta tsaunukan Andes a Kudancin Amurka, musamman ƙasashen Peru da Bolibiya, dangin raƙumi ce amma ba ta da tozo, kuma babba yakan kai kilo 130 zuwa 200. Mafi yawansu ba sa cizon mutum. Wanda ke yi kusan ko da yaushe namiji ne da ba a fiɗiye ba, kuma da haƙora shida yake yin ɓarnar, waɗanda ana iya rage su cikin 'yan mintuna idan an shirya da kyau.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne ragamar da aka ɗinka domin lama. Kada ka ɗauko ta ɗan doki ko ta maraƙi ka ce za ta wadatar, domin ƙashin hancin lama gajere ne, daga nan sai guringuntsi, kuma da hanci yake numfashi. Ragamar da ta zame ƙasa ta danne guringuntsin tana toshe masa iska, dabbar da ta ji numfashinta zai ɗauke kuwa dole ta yi faɗa ko da mai sanyin hali ce. Sai igiya mai kauri da ba ta yanka hannu, tsawon kamar mita 2, da wata doguwa ta kora. Kana buƙatar ɗan ƙaramin shinge da bai wuce mita 3 a kowane ɓangare ba, mai ƙofa da ke rufuwa da hannu ɗaya. Idan akwai kejin kamu mai matse dabba daga gefe biyu, ya fi. Idan babu, bango mai ƙarfi da turke kafaffe za su yi aikin.

Abin yankan haƙorin shi ne wayar ƙarfe mai kaifi kamar zarto, irin wadda likitocin dabbobi ke yanke ƙaho ko ƙashi da ita, a sa mata mariƙi a kowane baki. Guntu mai tsawon santimita 50 zuwa 60 ya isa. Idan babu mariƙi, a naɗa kowane baki a jikin guntun sanda, amma kada ka taɓa naɗa wayar a yatsa. Ka tanadi tocila, safar hannu ta fata, gilashin kare ido, tawul, ruwa mai tsabta da sabulu, da aidin. Mataimaka biyu ne mafi ƙaranci, ɗaya a kai, ɗaya a kafaɗa. Wanda bai taɓa yin wannan aiki ba, ya yi na farkonsa a gaban likitan dabbobi, domin shi ne ke da ikon yin allurar kwantar da dabba, shi ne kuma zai nuna masa inda waya za ta zauna.

1. Ka san bakin da za ka sa hannu a ciki

Shanu da tumaki da awaki ba su da haƙoran gaba a sama. Haƙora 8 gare su a gaban muƙamuƙin ƙasa, a sama kuwa sai dasashi mai tauri da suke danne ciyawa da shi su fizga. Shi ya sa makaminsu tunkuyi ne, ba cizo ba. Amma kada wannan ya ruɗe ka: turamen haƙoransu na can ciki suna da kaifi, an yi su ne domin niƙa, kuma mai ɗura wa sa magani da ya bar yatsa ya shiga tsakaninsu zai iya fito da shi a murƙushe. A bakin kowace dabba ƙarfin matsi ya fi yawa a kusa da gaɓar muƙamuƙi, ya ragu a gaba.

Doki da jaki da alfadari suna da haƙoran gaba 12, shida a sama, shida a ƙasa, suna haɗuwa kamar awartaki. Cizonsu na matsewa ne da murƙushewa, yakan bar fata ta yi baƙi da kumburi, wani lokaci ya cire yatsa ko guntun kunne. Namijin jaki idan ya kama ba ya saurin saki, yakan ma girgiza abin da ya kama. Amale, wato babban namijin raƙumi, shi ne mafi haɗari a cikinsu duka, domin ya haɗa girman jiki da dogon wuya da manyan fiƙoƙi, kuma a lokacin barbara yana iya kama mutum a hannu ko kafaɗa ko kai, ya ɗaga shi, ya yar, har ƙashi ya karye. Namijin alade kuma fiƙoƙinsa ba sa daina tsiro, da su yake tsaga cinyar mutum idan ya kaɗa kai sama.

Lama yana tsakanin waɗannan. Daga gaba bakinsa kamar na tunkiya yake, haƙora a ƙasa, dasashi a sama, don haka macen da ta ja maka riga ba za ta yi maka wani rauni ba. Namiji kuwa yana da wasu haƙora a gefen baki, tsakanin na gaba da turame: biyu a sama da ɗaya a ƙasa a kowane gefe, shida ke nan. Sun lanƙwasa suna duban baya, kuma kaifinsu kamar na aska. Galibi suna hudo dasashi tsakanin shekara 2 da 3, wasu su makara. Da su maza ke yaga wa juna kunne da wuya da agara, kuma abin da suka fi nema a jikin abokin gaba shi ne 'ya'yan maraina. Muƙamuƙin lama bai kai na doki ƙarfi ba, amma raunin da waɗannan haƙora ke yi tsaga ce mai zurfi, saboda yana kamawa ne ya fizge kai. Mata da waɗanda aka fiɗiye da wuri nasu ƙanana ne, sau da yawa ba sa buƙatar a taɓa su.

2. Ka tsaya a wajen shinge ka karanta dabbar

Wannan mataki shi ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ke nuna maka ko aikin yau na mutum uku ne ko na likita da allura. Ka ba shi minti goma kana kallo kafin ka taɓa ƙofa.

Lama mai lafiyar hali yana kallonka da kunnuwa a tsaye, idan ka matso ya ja baya. Wannan jan baya shi ake so. Idan ransa ya ɓaci sai ya kwantar da kunnuwa baya, ya ɗaga haɓa sama, ya ɗaga jela, ka ji wani ƙugi a maƙogwaronsa. Abin da ke biyo baya tofi ne. Na farko iska ce da ɗan yawu, gargaɗi ke nan. Idan aka matsa masa sai ya janyo koren abinci mai wari daga tumbi ya feso. Tofi abin ƙyama ne amma ba ya raunata kowa, kuma dabbar da ke tofi tana ja da baya tsoro take ji, ba faɗa take nema ba.

Wanda za ka ji tsoro shi ne wanda ba ya tsoronka. Yana rugowa bakin shinge idan ya hango ka, yana bin shingen duk inda ka bi, yana cusa maka hanci a fuska, yana tare maka hanya, yana bangazarka da ƙirji, ko ya sunkuyar da kai yana neman ƙafafunka. Haka maza ke yi wa junansu kafin su miƙe a ƙafafun baya su haɗa ƙirji. Idan yana yi maka haka, ya ɗauke ka namijin lama ɗan'uwansa da ya shigo masa yanki. Kusan duk wanda na gani da wannan hali, idan aka bi tarihinsa, sai a tarar maraya ne da aka shayar da kwalba, ko ɗan lele da aka riƙa runguma ana ba shi abinci a tafin hannu yana ƙarami, nesa da garke. Yana wata shida abin ban sha'awa ne. Da ya balaga, mai nauyin kilo 150 ne ke tahowa da gudu domin ya kayar da kai ya danne ka da gwiwoyi. Irin wannan ba a shiga wurinsa mutum ɗaya, ba a juya masa baya, kuma ba a barin yara su kusanci shingensa.

Ka kuma lura da canjin hali na farat ɗaya. Dabbar da aka sani da sanyi, ta wayi gari tana cizon itace ko jikinta, tana dalalar da yawu, tana tangaɗi, kada a sa mata hannu a baki ko kaɗan. Ciwon haukan kare yana kama dabbobin kiwo, kuma ta yawu yake yaɗuwa. A killace ta a kira likita.

3. Kora zuwa ƙaramin shinge

Kada ka bi lama da gudu a fili, ba za ka kama shi ba, sai dai ka koya masa gudu. Mutum biyu su riƙe doguwar igiya a tsayin ƙugu, su riƙa tafiya a hankali suna rage masa fili har ya shiga da kansa. Dabbar garke ce, don haka shigar da shi tare da wani fiɗiyayye da ya saba da shi yana kwantar masa da hankali ƙwarai. Mata kuwa a kawar da su daga inda zai gan su ko ya ji ƙanshinsu, haka ma sauran maza. Da sassafe ya fi, kafin rana ta yi zafi, domin dabba ce mai gashi da yawa kuma kokawa cikin zafi tana iya galabaitar da ita.

4. Sa ragama da tsayawa a inda ya dace

Ka tunkare shi daga gefe, ta kafaɗar hagu, ba ta gaba ba, kuma kada ka ƙura masa ido. Ka zagaya igiya ko hannunka a saman wuya, kusa da kai, domin wanda ya riƙe wuya daga ƙasa dabbar ce za ta ja shi. Sai ka zura ragamar, ka tura madaurin hanci sama har ya kusa kai gaban idanu, sannan ka ɗaure na bayan kunne da kyau yadda na hancin ba zai zame ba. Ka gwada da yatsa: madaurin ya zauna a kan ƙashi, kuma baki ya iya motsi.

Wurin tsayawa shi ne jikin kafaɗa, a manne. Lama yana shuri da ƙafar baya, yana kewayo da ita gefe da gaba kamar yadda saniya ke yi, doki ya fi harbi kai tsaye ta baya, raƙumi kuwa babu ɓangaren da ƙafarsa ba ta kaiwa. Wanda ya tsaya a manne turi kawai zai sha. Wanda ya tsaya taki ɗaya nesa shi ne ƙafar ke samu da cikakken ƙarfinta. A ɗaure kai gajere a turke da ƙullin da ake warwarewa da ja ɗaya, mataimaki ya matse jikin da bango. Idan ya gurfana ya ƙi tashi, kamar yadda raƙumi ke yi idan ya yi fushi, ka bar shi. A gurfane ma ana yin aikin, wani lokaci har ya fi sauƙi. Idan tofi ya yi yawa, a rataya tawul sako-sako a madaurin hanci ya rufe baki, ba tare da ya toshe ƙofofin hanci ba, a cire shi idan za a fara.

Ga doki da jaki da raƙumi mai cizo, takunkumi shi ne kayan aiki idan wani wurin jiki za a taɓa. Amma takunkumi na awa ɗaya ne ko biyu, ba magani ba ne, kuma ba a barin dabba da shi ta kwana.

5. Duba haƙora

Ba sai an buɗe baki ba. Mai riƙe da kai ya tsayar da shi daidai, kai kuma ka ɗaga leɓen sama daga gefe da babban yatsa, ka haska tocila. Za ka ga biyu na sama a jere, ka ja leɓen ƙasa ka ga ɗaya. Idan ɗan tsini ne kawai ya hudo, ka jira wasu watanni, domin idan ka yanke yanzu sauran zai fito ka sake aiki. Idan sun fito sun lanƙwasa, lokaci ya yi. Ka duba ko akwai kumburi a muƙamuƙi, ko wari, ko haƙorin da ya tsage. Duk wanda ka gani a cikin waɗannan, ka ajiye waya, aikin likita ne.

6. Yanka

Idan za a yi allurar kwantarwa, likita ne zai faɗi adadi da kuma tsawon lokacin da za a hana dabbar abinci kafin nan, saboda lama mai maye yana iya dawo da abin da ke tumbinsa ya shaƙe shi. Ni dai duk namijin da ya nuna alamun da na ambata a mataki na 2, ba na yanke masa sai da allura. Mai sanyin hali ana iya yi masa a tsaye haka nan.

Ka sa gilashin ido. Mataimaki ya janye leɓe sosai ya riƙe, domin leɓe shi ne abin da waya ta fi yanka bisa kuskure. Ka rataya tsakiyar wayar a bayan haƙorin, cikin lanƙwasar, yadda ba za ta zame ba, ka bar milimita 2 ko 3 tsakaninta da dasashi. Ka riƙe mariƙan biyu ta gaba, ka ja a hankali sau biyu ko uku har wayar ta yi wa kanta gurbi, sannan ka riƙa ja da dogon zango, dama da hagu, da sauri daidai gwargwado, wayar tana tafiya a layi ɗaya da dasashi. Cikin 'yan daƙiƙu kan haƙorin zai fita. Kan dabbar ya kasance a ɗan sunkuye domin guntun ya faɗo waje. Ka fara da na ƙasa ko na sama, duk ɗaya ne, amma ka gama gefe ɗaya kafin ka zagaya.

Kurakurai uku ne na fi gani. Na farko shi ne amfani da filaya ko awartakin yanke kofato. Waɗannan ba sa yankewa, fasawa suke yi, tsagar ta bi haƙorin har cikin saiwa, bayan makonni muƙamuƙi ya ɗuri ruwa, abin da za a gama cikin minti biyar ya koma jinyar watanni. Idan ba ka da waya, ka ɗage aikin, ka ware namijin shi kaɗai a shingen da yake hango sauran har a samo ta. Na biyu shi ne gajeren ja a wuri ɗaya na waya, wanda ke sa ta yi zafi ta ƙone dasashi ko ta tsinke. Na uku shi ne yankewa a cikin dasashi domin wai kada ya sake fitowa; jini kawai za ka jawo da ciwo, kuma ba zai hana shi fitowa ba. Cire haƙorin gaba ɗaya ma ba abin gwadawa ba ne, saiwarsa doguwa ce a lanƙwashe cikin ƙashi.

Da ka gama, ka shafa yatsa mai safa a kan kututturen. Idan akwai kaifi, a goge da ƙaramin magagari. Ɗan jini kaɗan a dasashi ba komai ba ne, a wanke da ruwa. A sake shi, idan an yi allura kuma a jira ya wartsake sosai kafin a ba shi abinci. Ka duba cin abincinsa na kwana uku, ka kuma sake duba bakin bayan shekara, domin a matashi abin da ya rage cikin dasashi yakan ƙara fitowa, a sake ragewa.

7. Gyaran hali

Rage haƙori ya kawar da wuƙa ne kawai, bai canja niyyar mai ita ba, kuma lama marar fiƙa yana nan da ƙirjinsa da nauyinsa. Namijin da ba za a yi iri da shi ba a fiɗiye shi, amma likitoci suna son a jira ya kai kamar wata 18, domin fiɗiya da wuri tana sa ƙasusuwan ƙafa su zarce tsawo, gwiwa ta samu matsala daga baya. Zafin ba ya sauka ranar da aka yi, yakan ɗauki makonni.

Ga matashin da ya fara cusa kai, dokar ɗaya ce kuma kowa a wurin sai ya bi ta: ba ya matsowa kusa da mutum sai an kira shi. Abinci a kwano, ba a hannu ba. Idan ya matso, tsawa ɗaya da ƙarfi, ka tako gaba, ka sa wani abu mai faɗi a gaban hancinsa ko ka watsa masa ruwa, da ya ja baya ka ƙyale shi nan take domin ya gane abin da ake so. Duka ba ya aiki, namiji mai neman faɗa yakan ɗauke shi a matsayin an amsa masa. A mayar da shi cikin manyan fiɗiyayyu ko tsofaffin mata, su ne za su koya masa iyakarsa da tofi fiye da yadda kai za ka iya. Maraya kuwa a ba shi kwalba a cikin garke, ba shafa, ba wasa, ya sha a tafi. Wannan doka haka take ga ɗan rago da maraƙi da ɗan doki, domin ragon da aka saba yi wa wasa da goshi yana ƙarami shi ne ke karya gwiwar mutum idan ya girma.

Baligin da ya riga ya kayar da mutum, ba kasafai fiɗiya ke gyara shi ba. Sayar da shi ga wanda bai san halinsa ba cin amana ne, kuma sau da yawa shawarar da likita zai bayar ita ce a kashe shi.

8. Idan an riga an yi cizon

A fara fitar da mutumin daga shinge a rufe ƙofa. A danne raunin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, sannan a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a sa aidin. Kada a cusa masa wani abu, kada kuma a ɗinke a gida, domin bakin dabba cike yake da ƙwayoyin cuta kuma rauni mai zurfi da aka rufe yana ruɓewa daga ciki. Cizon doki da na jaki da na raƙumi yakan yaudari ido, fata ta nuna ƙaramin huji alhali naman da ke ƙasa ya daku ko ƙashi ya tsage, don haka duk wanda ya samu hannu, gaɓa, wuya ko fuska, a tafi asibiti a ranar. A gaya wa likita irin dabbar da ta yi cizon, da yadda halinta yake a kwanakin nan, da lokacin da mutumin ya yi allurar rigakafin tetanus ta ƙarshe. Dabbar kuma a killace ta, a sa mata ido, kada a yanka ta ko a sayar kafin likitan dabbobi ya duba ta.